Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Ma'ajiyar Makaman Nasara a Sakkwato

Zuwa ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan gini guda ɗaya: ɗakin da sojojin Nasara suka riƙa ajiye bindigogi da harsasai a barikinsu na Sakkwato tun daga 1903. Roƙonmu shi ne a bi takardu a tabbatar da wurinsa, a kira masana su tabbatar babu abin da zai fashe a ƙarƙashinsa, sannan a tsare abin da ya rage, bango ne ko tushe, a rubuta tarihinsa da Hausa a kafa a wurin.

Mun san abin da wasu za su ce. Ga Hubbaren Shehu, ga Surame, ga ganuwar gari da ƙofofinta suna neman kulawa, mene ne na damuwa da ɗakin waɗanda suka ci mu da yaƙi? Amsarmu ita ce wannan ɗaki shaida ne, kuma ba a zubar da shaida don ta fito daga hannun abokin gaba. Yaro ɗan makaranta a Sakkwato ya san sunan Giginya, amma in ka tambaye shi yadda aka yi Turawa 'yan ƙalilan suka riƙe ƙasa mai faɗin Daular Usmaniyya shekara hamsin da bakwai, sai ya yi shiru, ko ya ce kakanninsa ne suka gaza. Ba gazawar zuciya ba ce. Babban ɓangaren amsar yana cikin wannan ɗaki da makullinsa.

Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Kanar Morland ta tsaya a filin Giginya, bayan ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Sojanta 'yan ɗaruruwa ne, amma tana da igwa da bindiga mai ruwa, wadda Turawa ke kira Maksim. Kafin rana ta take an gama. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Waziri Buhari ya zauna da jama'a, Gwamna Lugga ya iso ya naɗa Attahiru na Biyu ranar 21 ga Maris, aka bar Manjo Burdon a matsayin Razdan tare da soja.

A duba lissafin bindiga mai ruwa, domin a nan maganar take. Ɗamararta guda tana ɗaukar harsashi 250, tana kuma iya fitar da kimanin 500 a minti ɗaya. Ruwan da ke cikin rigar bututunta kusan lita huɗu ne, shi ke hana ƙarfen yin ja, daga nan ta samo sunanta na Hausa. Harsashi ɗaya irin nata, wanda ake kira .303, nauyinsa kusan giram 25 ne, wato dubu guda sun kai kilo 25 ban da akwati. Kayan da aka ƙayyade wa ɗan dako ɗaya a tafiyar soja kuwa kimanin kilo 27 ne. Ke nan abin da mutum ya ɗauko a ka, ya yi makonni yana tafe da shi, bindiga ɗaya za ta cinye shi cikin minti biyu. Kuma daga ina? Daga Ingila a jirgin ruwa zuwa bakin teku, a sauya jirgi a hau Kwara zuwa Lakwaja, a bi kogin Kaduna zuwa kusa da Zungeru, daga can sai a ka, a ƙafa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Soja da ke wannan nisa ba shi da ƙarfin da ya wuce abin da ke cikin ma'ajiyarsa. In ta yi wayam, ko danshi ya lalata abin da ke ciki, bindiga mai ruwa ta koma kayan nauyi kawai.

A ɗaya gefen kuma an riga an toshe mana hanya tun kafin a zo. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a birnin Burasal na Beljiyam a 1890 ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta kuma ce makaman da aka shigo da su a ajiye su a ma'ajiyar da hukuma ke riƙe da makullinta. Abin da aka bari ya riƙa yawo a kasuwa shi ne bindigar toka da albarushi mara ƙarfi. Wanda ya fahimci wannan zai gane cewa ma'ajiyar makamai tsari ne na mulki, ba ɗakin ajiya kawai ba.

Satiru ta nuna haka a fili. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mutanen wannan ƙauye da ke kimanin kilomita 22 kudu da Sakkwato, da gatura da fartanya da kwari da baka, suka auka wa sojan doki da suka fito daga barikin Sakkwato kafin su gama jeruwa. Suka kashe muƙaddashin Razdan Hillary, da mataimakinsa Scott, da Laftanar Blackwood, da sojoji sama da ashirin, suka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Amma ƙwace bindiga daban, mallakar ma'ajiya daban. Ba su da akwatunan harsashi, ba su da mai gyara, ba su da hanyar da wasu za su ƙara zuwa. Turawa kuwa suka yi kwana 24 suna tara soja da kaya daga kudu, ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya koma da su, aka kashe mutane kimanin dubu biyu, aka rushe garin. Duk harsashin da ya faɗa kan mutanen Satiru a wannan rana sai da aka ƙirga shi, aka rubuta shi a littafi, aka fitar da shi ta wata ƙofa. Kuma masu gadin ƙofar da masu harbin, mafi yawansu 'yan ƙasar nan ne, da Hausa ake ba su umarni. Wannan yana da ciwo, amma ya kamata a faɗa wa yara.

To yaya za a gane wurin? Shawararmu kada a fara da diga, a fara da takarda. Fayilolin Lardin Sakkwato suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ƙarƙashin lambar SOKPROF, ga kuma na Sakatariyar Lardunan Arewa. A ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kiyu, a Landan, akwai wasiƙun rundunar Afirka ta Yamma ƙarƙashin CO 445, da na Arewacin Nijeriya ƙarƙashin CO 446. Abin nema shi ne taswirar bariki, da rahoton duba gine-gine, da takardun neman kuɗin gyara, domin a irin waɗannan ne ake ambaton tsawon ɗaki da faɗinsa da abin da aka gina shi da shi. Sai a ɗora tsohuwar taswira a kan ta yau. A nan ake yawan yin kuskure: mai aiki ya daidaita taswirorin biyu da hanya, alhali hanya tana kaucewa, an faɗaɗa ta, an miƙe ta. A daidaita da abin da ba ya motsi, kamar tsohuwar rijiya, maƙabarta, ko mazaunin ƙofar gari, kuma a samu aƙalla uku, ba a layi ɗaya ba. Wani abin taimako shi ne ƙa'idar Lugga ta barin fili yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da gidajen 'yan ƙasa. Hotunan sama da aka ɗauka domin zana taswira kafin gari ya cika su ma suna nuna layin tsohon bango ko da an rushe shi, saboda launin ƙasar wurin yakan bambanta.

A haɗa da bakin dattawa, kuma a gaggauta. 'Ya'yan tsofaffin sojoji da 'yan doka da masinjojin En'e suna nan, sun ji daga iyayensu. A yi hira da kowa shi kaɗai, a ɗauki murya, a kai shi wurin ya nuna da hannunsa. In aka tara su zaure ɗaya, maganar wanda ya fi girma ita kowa zai bi.

Dole mai bincike ya san cewa ɗakuna biyu yake nema, ba ɗaya ba. Akwai amori, inda ake jera bindigogi, yawanci kusa da ɗakin gadi, mai taga da sandunan ƙarfe. Akwai kuma magazin, inda harsashi da albarushi suke, shi kuma a ware yake nesa da kwanan soja da madafa. Magazin yana da alamominsa. Bango mai kauri ƙwarai, ƙofa ɗaya, babu taga ta sosai sai kafofin iska, su ma ba a miƙe suke ba, a karkace ake huda su cikin bango don iska ta shiga amma tartsatsi ko harsashi kada ya wuce. Daɓe a ɗage yake, akwatuna a kan katako, ba sa taɓa ƙasa ko bango. Inda aka bi ƙa'ida sosai, ƙusa da sakata da maratayin ƙofa na tagulla ne, domin baƙin ƙarfe in ya gogi ɗan'uwansa yana ba da wuta. Akan sa sandar kame tsawa da waya zuwa ƙasa, akan kuma tara tudun ƙasa kewaye, don in ya fashe ƙarfin ya yi sama. Ko ginin ya faɗi, wannan tudu da guntayen tagulla masu kore sukan rage.

Dalilin duk wannan shiri shi ne abin da ke ciki yana da abokan gaba biyu, kuma Sakkwato tana da su duka. Baƙin albarushi yana shan danshi, damina ɗaya ta ishe shi ya dunƙule ya ƙi tashi. Kodayit, wato sabon albarushi mara hayaƙi da ke cikin harsashin .303, shi zafi ne ke cin sa: yana ruɓewa a hankali, yana fitar da tsami, tsamin kuma yana ƙara saurin ruɓewar, har ya iya kama wuta da kansa. Wanda ya san watan Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, ya san abin da kaurin bango ke karewa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu, wato rai. Tsufa ba ya kashe harsashin igwa, sau da yawa ma yana ƙara masa saurin fushi. Wani sinadarin da aka riƙa cika harsasan igwa da shi a farkon ƙarnin da ya wuce yana haɗuwa da ƙarfe ya haifar da wani gishiri da ƙaramin bugu ke tayarwa. Kuma hanya mafi sauƙi ta rabuwa da lalataccen kaya a wancan zamani ita ce a haƙa rami kusa a binne, ko a zuba a tsohuwar rijiya. Saboda haka kada sifiyo, ko ɗalibi, ko lebura ya sa ƙarfe a ƙasa sai 'yan sandan kwance bam ko injiniyoyin soja na Runduna ta 8 da ke nan Sakkwato sun bi wurin da na'urar gano ƙarfe, layi-layi, har da kewayensa da duk wata rijiya da aka cike, sun kuma ba da takardar cewa sun gama. Ƙasar nan ta ga abin da ma'ajiyar makamai ke yi in ta tashi: ranar 27 ga Janairu, 2002, a barikin Ikeja, mutane sama da dubu suka rasu, mafi yawansu a ruwan Oke-Afa suna gudun tsira. Abin da zai rage a tsohon wuri irin wannan bai kai ko kusa da na Ikeja ba, amma harsashin igwa ɗaya ya isa ya hallaka duk wanda ke tsaye a kansa.

Muna roƙon a kai wannan gargaɗi ga 'yan gwangwan da maƙera da masu haƙar tushen gini, ta rediyo da ta bakin masu unguwanni, tun kafin a fara komai, domin da zarar an ji ana neman tsohon ƙarfe a wuri, su ne za su riga kowa isa. Saƙon gajere ne: in ka ga ƙarfe mai siffar kwalba ko tabarya ya yi tsatsa, kada ka taɓa, kada ka ɗaga, kada ka kankare, kada ka sa a wuta. Sa alama daga nesa, janye mutane aƙalla mita ɗari, ka gaya wa mai unguwa ko 'yan sanda. A kuma tabbatar wa mutane cewa wanda ya kawo labari ba za a tuhume shi ba, in ba haka ba za su jefa a bola su yi shiru.

Bayan an tsarkake wuri sai awo. A zana komai yadda yake kafin a taɓa, a ma'aunin 1 cikin 50, kowane bango a ɗauke shi hoto da sandar awo a jikinsa. In tushe ne kawai ya rage, masana binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su haƙa a murabba'in mita ɗaya-ɗaya, santimita goma a kowane zubi, a tankaɗe ƙasar. Ƙananan abubuwa ne za su yi magana. Gindin kwanson harsashi yana ɗauke da tambari: R da L na nufin masana'antar gwamnati ta Wulwic, K na nufin kamfanin Kynoch na Bamingam, lambar Romawa kuma tana nuna samfuri, misali VII bai fito ba sai 1910. Alamar kan kibiya mai kama da sawun kaza tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne. Da waɗannan za a san shekarun da aka yi ana amfani da wurin. Kada a goge su da yashi ko a wanke da ruwan batir don su yi ƙyalli, tambarin ne zai tafi. A rubuta inda aka samu kowanne da zurfinsa, domin kwanson da ba a san inda ya fito ba ya zama tagullar awo.

In kuwa bango yana tsaye, babban haɗarinsa shi ne mai gyara mai kyakkyawar niyya da buhun siminti. Tsohon gini, na ƙasa ne ko na marmara ko na jan birki, yana shan danshi daga ƙasa ya fitar ta fuskarsa. In aka shafe shi da siminti danshin ya rasa mafita, ya hau sama, gishiri ya taru a bayan shafen, bayan damina biyu ko uku shafen ya ɓare ya tafi da fuskar bangon. Bangon ƙasa a gyara shi da irin ƙasarsa, a kwaɓa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a yaɓa kaɗan-kaɗan, a rufe da makuba, kuma maginan gargajiya na garin nan sun fi kowa iya wannan. Na dutse ko birki a cike gaɓoɓinsa da farar ƙasa ta ƙonannen dutse, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina, kashi ɗaya da yashi kashi uku, a riƙa yayyafa ruwa kwanaki. Kada a yi wannan aiki cikin tsananin hunturu ko bazara ba tare da rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ba, zai bushe kafin ya kama ya koma gari.

Ruwa shi ne farko. A gyara indararo ya zuba nesa da gindin bango, a karkata ƙasa ta gangara waje, a kwashe shara da tudun da ya taru jikin gini. Dogon yaro da ya tsiro a bango kada a tumɓuke shi, a sare a bar saiwar ta mutu a ciki, domin fizge ta yana buɗe ginin. Tsaga kuma kada a yi saurin cike ta: a manna ɗan gilashi a kanta, a rubuta kwanan wata, a duba bayan shekara cikakkiya. In ya karye, tushe na motsi, sai an fara da shi. A duba azara da katako saboda gara, a toshe kafofin iska da raga daga ciki saboda jemagu, ba da bulo ba, don kafofin su ne shaidar ginin.

Dokar da ta kafa hukumarku ta ƙasa a 1979 ta ba ku ikon neman a ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, kamar yadda aka yi wa Surame da kufan gidan gwamna na Zungeru. Muna roƙon a fara wannan hanya da zarar an tabbatar da wurin, a sa shi cikin taswirar ma'aikatar filaye ta jiha da iyakarsa. In ya faɗo cikin filin wani, a zauna da shi da mutunci, a biya diyya ko a yi yarjejeniya a rubuce. Mai fili da ya ji ƙishin-ƙishin za a ƙwace masa zai rushe komai cikin dare ɗaya. In kuma cikin harabar soja ko ta gwamnati yake, a nemi izinin awo da hoto ko da ba za a buɗe wa jama'a ba. Akwai abin koyi: a 1960 sojoji sun mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku tutar Attahiru da aka ɗauke a Burmi.

Allon da za a kafa a rubuta shi da Hausar boko da ajami, sannan Turanci. A sa shekaru, a sa lissafin ɗan dako da bindiga mai ruwa, a ambaci Giginya da Burmi da Satiru, a ambaci 'yan dakon da suka ɗauko akwatunan da sojojin da suka yi gadi. Kafin a buga, a kai rubutun gaban Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Allah ya ƙara masa lafiya, a kuma karanta wa zuriyar mutanen yankin Satiru su ji. Matakin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: ma'aikaci ɗaya ko biyu, mako biyu a Kaduna, da na'urar ɗaukar hoto. Muna roƙon a tura su cikin wannan rani, a fara hira da dattawa a lokaci guda, a kuma sanar da jama'a abin da aka samo.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu malaman tarihi da magina da tsofaffin sojoji, mazauna Sakkwato.